Layi na Huɗu a Jikin Jel

Ylva ta ɗaga faifan jel ɗin, wanda ke rarrabe furotin layi-layi a gwaji, saitin fitila, ta yi tsaki. Layuka uku ne shuɗin rinin ya fito da su. Na huɗun, furotin da take nema a hawayen masu ciwon bushewar ido, ko alamarsa babu. Wata takwas ta yi tana tara hawayen nan ɗigo-ɗigo a asibitin Uppsala, ga shi abin da ya rage bai wuce gwaji ɗaya ba.

Gunnel, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin gwajin da za ta yi ritaya ranar Juma'a, ta leƙo riƙe da kofin kofi.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu?"

"Digirina," in ji Ylva.

Gunnel ta karɓi faifan ta duba. "Sau nawa kika wanke shi kafin ki zuba rini?"

"Sau ɗaya. Haka takardar ta ce."

"Takarda! Sabulun da ke cikin jel shi ke hana rini kamawa. Sake yi, ki kira ni."

Ylva ta zuba ragowar hawayen a sabon jel. Da jel ɗin ya gama aikinsa, Gunnel ta tsoma shi a ruwa, ta ɗumama, ta zubar, har sau uku. Ta zuba rini, daga baya ta jiƙa shi a ruwan gishiri.

"Gunnel, dankali kike dafawa?"

"Yi shiru, taho mu ci burodin kirfa. Jel ba ya son a tsare shi da ido."

Ylva ta ci rabi, ta kasa zama. Da ƙarfe uku ta koma ta ɗaga faifan. Ƙarƙashin layi na uku ga wani siriri kamar gashin gira, shuɗi, a fili.

Ihun da ta yi sai da na ɗakin kusa suka fito. Ta rungume Gunnel da safar hannu duk rini.

"Sake ni, kin ɓata min riga!" in ji tsohuwar, tana dariya har da ƙwalla.

"Shekara nawa kika san wannan?"

"Talatin, ko fiye."

"Kuma ba ki taɓa rubutawa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ylva ta zaro ɗan littafi daga aljihu, ta ja kujera. Gunnel ta kalli littafin, ta girgiza kai.

"Wannan? Je ki nemo babba. Kwana uku kawai muke da su."