Kawu da Na-ji

A kamfanin sabulun kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shi ne jami'in kula da ma'aikata. Hutu, izinin zuwa asibiti, canjin lokacin aiki, duk sai an bi ta teburinsa. Ofishinsa yana ƙarshen baranda a saman bene, inda ƙamshin sabulu ke hawowa har ya kama labule. A bakin ƙofar akwai dogon benci da zaman mutane ya cinye wa fenti.

Kawu yana son aikinsa. In ka shigo sai ya tambaye ka gida da yara, ya yi maka faɗa kan makara, ya ba ka labarin yadda aka kafa injin farko a gabansa, sannan ya leƙa takardarka ta saman tabarau ya ce, "To, bari mu gani. Dawo gobe." A ganinsa wannan tarbiyya ce. Ya yi imani in ma'aikaci ya sami hutu a sauƙaƙe, jibi ma zai dawo da wani uzurin. A gida yakan ce wa matarsa, "Yaran nan ba su da uba a wurin nan sai ni."

Sai sabon manaja ya kawo wata manhaja da ake sa wa a waya. Mai son hutu ya rubuta mata, ta duba kwanakinsa, ta amsa masa nan take. Ita ke tura sanarwa, ita ke tuna wa kowa lokacin aikinsa. Da yake kowace amsarta da "Na ji buƙatarka" take farawa, ma'aikata suka raɗa mata suna Na-ji.

"Ba wanda zai taɓa kujerarka, Kawu," in ji manaja. "Sauƙi muka kawo maka. Kai dai ka riƙa duba rahoton da take fitarwa."

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, waya ce za ta gane mai ƙarya da mai gaskiya? A dai juri zuwa, za ku neme ni." Ya ƙi sa ta a tasa wayar.

Ba a neme shi ba. Bencin ya koma wurin ajiye bokitin mai shara. Kawu ya fara barin ƙofarsa a wangale, ko wani zai gifta ya leƙo. Da shirun ya ishe shi, sai ya shiga sauka ƙasa yana zagaya injina, hannu a baya, kamar mai duba wani abu.

A irin wannan zagayen ne ya tsaya bayan tarin kwalaye, ya ji matan da ke naɗe sabulu suna hira.

"Wallahi ina cikin motar haya na nema, kafin in sauka ta ba ni," in ji ɗaya. "Ba durƙuso, ba tarihin injin farko."

Wata ta zamo da tabaranta kan hanci, ta kumbura murya ta ce, "To, bari mu gani. Dawo gobe."

Suka kwashe da dariya har ɗaya tana riƙe ciki. Can suka hango shi, dariyar ta ɗauke.

"Sannu, Kawu. Ashe kai ne."

"Ku ci gaba da aikinku," ya ce, ya juya.

Yana hawa bene yana gaya wa kansa ai waɗannan yara ne, jiya suka zo. Tsofaffin hannu sun san abin da ya yi musu. Ga irin su Dogo, direban babbar mota, wanda shi da kansa ya ɗauke shi aiki tun yana saurayi.

Wata safiya yana bin rahoton Na-ji da ido sai ya ci karo da sunan Dogo. Matarsa ta rasu. An ba shi hutu, an aika masa ta'aziyya da sunan kamfani, an sanar da kowa ta waya. Kwanaki sun riga sun wuce. Duk ma'aikatan sun je sun dawo, Kawu kaɗai ne bai sani ba.

Ransa ya ɓaci. Da aka tashi ya biya gida ya sauya kaya, ya nufi unguwar su Dogo, ta wani lungu mai kwata a tsakiya. Ya same shi zaune a tsakar gida kan kujerar roba, ya rame, ƙaramar 'yarsa tana barci a cinyarsa. Kawu ya yi gaisuwa, ya yi wa mamaciyar addu'a, sannan ya rage murya.

"Amma Dogo, ka ba ni mamaki. Abu irin wannan ya same ka, ka kasa zuwa wurina? Ka bari waya ta yi maka ta'aziyya?"

"Ba komai, Kawu," in ji Dogo, idonsa a ƙasa. "Na gode da ka zo."

Wata mata mai furfura ta fito daga ɗaki da kofin ruwa. Yayar Dogo ce. Ta ajiye kofin, amma ba ta koma ba.

"Kai ne Kawun?" ta ce.

"Ni ne."

"Na daɗe ina son in ga fuskarka. Lokacin da innarmu ke kwance, ni na kira yaron nan na ce ya taho, tana ta ambaton sunansa. Ya wuni a ƙofarka, ka ce ya dawo gobe. Goben da ya dawo ka sa hannu, kafin ya iso mun rufe ta."

"Yaya, don Allah bari," in ji Dogo.

"Barin me? Ai ban zage shi ba." Ta dubi Kawu. "Wannan karon yana bakin gadon asibiti ya taɓa waya, aka ce ya zauna da matarsa. A hannunsa ta cika. Wayar da kake rainawa ke nan. Sha ruwanka."

Kawu ya so ya ce ƙa'ida ce ta lokacin. Ya lalubi ranar a cikin kansa, ya juya ta ko'ina, bai same ta ba. Ya tuna ranar da ya ɗauki Dogo aiki, har rigar da ke jikinsa ya tuna. Amma wannan ranar babu ita, ta saje da sauran. Ya kurɓi ruwan, ya yi sallama. Dogo ya kwantar da yarinyar, ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da abin hawa.

A gida matarsa ta tambaye shi yadda ya same su.

"Lafiya lau," ya ce. "Mutanen yanzu dai ba su da godiya."

Ta dube shi, ta ce abinci na kan tebur.

Bai cika shekarar ba ya nemi ritaya. Aka yi masa ɗan taro a ɗakin cin abinci, manaja ya yaba masa, aka tafa, kowa ya koma bakin injinsa. Yanzu da yamma yakan zauna a ƙofar shagon wani tela maƙwabcinsa, yana ba duk mai saurare labarin yadda na'ura ta kashe zumunci a wuraren aiki. Wani lokaci motar Dogo takan biyo ta titin da lodin kwalaye. Dogo yakan rage gudu, ya danna hon, ya ɗaga hannu. Kawu kuwa sai ya sunkuya ya kama gyara igiyar takalminsa har motar ta wuce.