Alkamar Halilu

"Ɗaga ni, Alkasim, in ga buhunan," in ji Halilu.

Da hannu ɗaya na ɗaga shi. Ni fa har gobe ina sungumar buhun gero in aza a amalanke, amma shi ya koma kamar karan dawa. Ya leƙa zauren da aka jera alkamarsa, ya yi murmushi. Tafin hannunsa duk ya yi kanta, ƙirjinsa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ga wani miki a ƙafa da ya ƙi rufewa.

Maƙwabcina ne tun muna yara a nan gefen Bande. Ni gero nake nomawa, abincin maza, shi ya sa na ga bayan yunwa, na ga bayan sanƙarau, ina nan daram. Shi kuwa da ya sami foraj, wato rijiyar burtsatse, a garkarsa sai ya ce shi alkama zai yi da rani, kamar mutanen Kano. Ta kuwa yi kyau. Ruwan yake sha, alkamar yake ci, shekara da shekaru.

Da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, 'yarsa Ikilima ta kawo wani mushe, wato jami'i, daga ma'aikatar gona ta Magariya. Ya ɗebi ruwa da ƙasa da ƙwayar alkama ya tafi. Da ya dawo ya ce akwai guba a ruwan, wai arsanik, kuma ta shiga alkamar. Ya ce akwai wani farin abu kamar zare da ke manne wa saiwa yana rage wa shuka gubar. Shi ne abin da Halilu ya ɗauka cuta ce, ya dinga kwarara masa maganin da yake saya a bakin iyaka, yana ƙone fangalai da kara, har ya kashe shi ƙurmus.

Halilu bai yarda ba. "Yaro da biro a aljihu zai faɗa mini alkamata?"

Ran nan da na ɗaga shi ya riƙe mini riga.

"Ran sadakata, da alkamar nan za a yi finkaso. Kowa ya ci a garin nan. Ka yi mini alkawari."

"Kai dai ka tashi, ragon banza. Ni ka ga na kwanta?"

"Alkawari, Alkasim."

Ikilima tana bakin ƙofa tana girgiza mini kai, idonta ja wur. Matarsa Altine ta ce, "Malam, amsa masa mana. Mai ciwo ne."

Na amsa. Bayan la'asar ya cika. Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi, samari na tsaye suna kallo.

Jajibirin sadakar uku na tarar Altine ta kwance buhu, tana auna wa mata za su kai inji.

"Inna, yara za su ci fa!" in ji Ikilima. "Baba Alkasim, ka yi magana."

"Wasiyya ce," in ji Altine. "Ko so kike a ce mun hana mamaci abin da ya roƙa? A gabanki ya yi alkawari."

Ban taɓa jin tsoron mutum ba, ku tambaya. Amma ranar na tsaya na dubi yara. Ga jikokina nan suna tsalle a tsakar gida, sun ji an ce finkaso.

Na ce, "Ni na yi alkawarin, ba ku ba. In za a tambaya can, ni za a tambaya."

Na ƙwace kwanon daga hannun Altine. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni, ta shige ɗaki. Na buɗe rumbuna aka yi masa, wato waina, da gumba da gerona. Masu zuwa gaisuwa suna ta tambaya ina finkason Halilu, na ce su ci abin da suka samu.

Buhunan kuwa ni kaɗai na loda su, na kora jaki zuwa wani tsohon kududdufi bayan gari, na haƙa rami na juye na rufe. Har yau Altine ba ta amsa sallamata.

Da ruwan farko ya sauka na bi ta wurin. Alkamar ta keto ƙasa, kore shar, a cunkushe. Awaki sun fara nufo ta. Na kore su, na sari ƙaya, na zagaye ta.