Littattafan da 'Yar Tela Ta Yanka

Malamin Horo ya kife jakar a kan teburi, ya girgiza ta kamar mai kakkaɓe buhun gari. Biro ya faɗo, da guntun madubi, da littafin lissafi. Ya kama littafin ta bango ya kaɗa, sai ga wasu 'yan takardu ɗinke da baƙin zare sun zubo daga cikinsa.

"Ga wata kuma," in ji shi. Ya jefa su cikin kwalin da ke gefen ƙafarsa. "Ta gaba."

Malamar Adabi na tsaye a gaban allo da alli a hannu, jimlar da ta fara rubutawa ta tsaya a rabi. Ba a nemi izininta ba kafin a shigo mata aji. Ɗalibai na kiran ta Malama Barkono a bayan idonta. Ta sani, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba.

"Malam, in ka gama farautar, zan iya ci gaba da koyarwa?"

"Koyarwar taki ce ta kawo mu nan, Malama."

Abin da ake farauta littafi ne mai kashi biyar, labarin wata ɗaliba da ta kamu da son wani saurayi mai shan jinin mutane, wanda ba ya tsufa, ba ya mutuwa. 'Yan matan makarantar sun sa wa saurayin da littafin suna Mai Haƙora. Littattafan sun zo ne cikin kayan kyauta daga wani shago da ya rufe, Malama kuma ta jera su a ɗakin karatu. Ɗakin nan rufinsa na yoyo tun kafin a ɗauke ta aiki. Gara ta ci ƙamus ta ƙoshi, ta koma kan littattafan tarihi. Ba a taɓa kiran taro saboda gara ba, ba a taɓa caje jakar kowa ba, domin littafin da ba a karantawa ba ya tayar wa kowa hankali.

Mai Haƙora kuwa an karanta shi. Kwafi ɗaya ne na kowane kashi, 'yan mata kuma makaranta guda. Da jira ya yi yawa, sai wata ɗalibar ajin ƙarshe da ake kira 'Yar Tela ta ɗauko almakashin uwarta. Ta farke kowane littafi gida-gida, ta ɗinke kowane gida da zare, ta rage masa baki sama da ƙasa don ya ɓuya a cikin littafin lissafi. Lambobin shafi suka tafi tare da bakin da aka rage. Ba wadda ta damu, tunda kowace ta san hannun da take karɓa da hannun da take miƙa wa.

Ita Malama ba ta son littafin ko kaɗan. Abin da take so shi ne abin da ya haifar. Sa'ar karatun yamma da ta buɗe, wadda da sai ita da kujeru, yanzu har a ƙasa ake zama. A makon da ya wuce ma sai da suka kara da 'Yar Tela a kan saurayin littafin.

"Malama, wallahi so ne. Har rigarta yake shinshinawa ya gane da wa ta zauna."

"Kare ma yana yin haka."

Ɗakin ya ɗauki dariya. 'Yar Tela ba ta ja da baya ba. "Don ya kare ta ne fa."

"Daga wa? Duk garin shi kaɗai ne mai haƙoran. Ya ɓoye mata waya, ya raba ta da ƙawayenta, ku ce so?"

Wasu suka ce su dai ɗan mai gidan burodin nan na cikin labarin ya fi musu, wanda ke son yarinyar ba ya takura mata. Wasu suka ce ai shi sanyinsa ya yi yawa, kamar shayin da ya kwana. Ana cikin haka wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta a aji ba ta ɗaga hannu daga baya, ta ce saurayin yayarta ma haka yake yi da wayar yayar, kuma ita yanzu ba ta jin so ne. Malama ta daɗe tana jiran irin wannan magana a wannan makaranta.

Sai wani uba ya tsinci gida ɗaya na littafin a jakar 'yarsa, idonsa ya faɗa kan inda ake shan jini, ya buga wa Shugabar makaranta waya yana faɗa. Shi ne dalilin farautar safiyar nan.

Da rana aka kira Malama ofishin Shugaba. Fanka na juyawa a hankali, kwalin takardun na tsakiyar ɗaki. 'Yar Tela na tsaye jikin bango, idonta ya yi ja. Uwarta na durƙushe a ƙasa, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, guntayen zare manne a zaninta. Daga kan keken ɗinki aka taso ta.

"Mama, ki tashi ki zauna a kujera," in ji Malama.

"Bar ni a nan, Malama. Nan ya fi."

Shugaba ta gyara tabarau. Mace ce mai son a rabu lafiya, kuma a wurinta rabuwa lafiya shi ne kada waya ta sake ƙara. "Maganar gajera ce. Yarinya ta lalata kayan makaranta, ta kuma yaɗa abin da iyaye ba sa so. Malam ya kawo shawarar kora."

"Jarrabawar fita saura 'yan makonni," in ji Malama.

"Da ta tuna da haka kafin ta cika mana makaranta da littafin mayu," in ji Malamin Horo.

"Ka karanta shi, Malam?"

"Ba sai na sha guba zan san guba ce ba."

"Ranki ya daɗe, ke fa?"

Shugaba ta dubi fanka. "Ina ni ina lokaci."

"Shi uban da ya bugo wayar fa? Shafi nawa ya gani? To ni na karanta, duka biyar ɗin. Littafin banza ne."

Malamin Horo ya juyo da mamaki. 'Yar Tela ma ta ɗago, kamar an mare ta.

"To me kike karewa?"

"Yarinyar. Ba shan jinin ba ne matsalar littafin, Malam. Babu ɗalibarmu da za ta ciji kowa. Matsalarsa yana koya wa yarinya cewa wanda ya tsare ta kamar akuya a turke shi ne masoyi. Wannan kuwa ba a kwali ake maganinsa ba, a baki ake yi, kuma mun fara. Shekara da shekaru muna kuka yara ba sa karatu. Muna faɗa a taron iyaye, muna faɗa a ranar ba da kyauta, a tafa mana. Yau sun yi karatun har littafi bai ishe su ba, mun ɗauko kwali. Gara ta cinye rabin ɗakin karatun can, wa aka kora?"

"Malama, sassauta murya," in ji Shugaba. "Ƙuruciya ce ke ɗibar ki. In kin daɗe a aikin nan za ki gane ba kowace gaskiya ake tsayawa a kanta ba."

"Shi ya sa rufin ke yoyo har yau."

Malama ta san ta zarce, ta kuma ga wadda za ta biya kuɗin bakinta, domin fuskar Shugaba ta ɗaure, ta juya wajen yarinyar.

Uwar ta matso da gwiwoyinta. "Ranki ya daɗe, a dake ta. A sa ta wanke bayi har ta gama makarantar. Amma kada a hana ta jarrabawar nan. Ni ban yi karatu ba, ita nake kallo." Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma, almakashin da nake nema kwana da kwanaki, ashe yana wurinki, ja'ira." Ta sake duban Shugaba. "Littattafan kuma a ba ni, ni zan ɗinke su. Ɗinki ne sana'ata."

Malama ta dubi uwar. Mace ta bar aikinta ta zo tana rarrafe a gaban mutanen da ko bangon littafin ba su duba ba.

"Ba ke kika yanka ba, baiwar Allah," in ji Malamin Horo. Ya sa ƙafa ya taɓa kwalin, sai murmushi ya zo masa. "Amma kin kawo shawara. Ranki ya daɗe, in ba za a kore ta ba, to ta mayar da su yadda ta same su. Shafi bayan shafi, kashi bayan kashi. Kullum da yamma, har ta gama. In ta gama a kai su sito a kulle."

Shugaba ta saki ajiyar zuciya. Babu kora, babu hayaniya, akwai kuma abin da za ta faɗa wa mai waya. "Ya yi. Sa'ar karatun nan kuma an dakatar da ita daga yau."

Malama ta buɗe baki. Maganar na kan harshenta, da zafinta: cewa babu lambar shafi ko ɗaya a takardun nan, cewa Malamin Horo da hannunsa ya zuba kashi biyar cikin kwali ɗaya ya cakuɗa, cewa babu mai iya jera su sai an karanta ƙarshen kowane gida an nemi wanda ya ɗora daga nan, kuma sai waɗanda suka san labarin sun taru sun...

Ta tsaya. Ta dubi kwalin, ta dubi Malamin Horo. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa haɗiye magana ba. Ta haɗiye wannan, ta ji ta kamar ƙayar kifi.

"Kina da abin cewa, Malama?"

"Aikin ya yi wa yarinya ɗaya yawa," ta ce a hankali.

"To duk wadda aka kama da takarda a jakarta ta zo ta taya ta," in ji Malamin Horo. "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ke kuma ki tsaya a kansu, tunda ke kika jawo."

"Yadda kuka ce."

Shugaba ta dube ta da ɗan mamaki, sannan ta gyaɗa kai, da alama ta ji daɗin ganin ƙuruciya ta fara hankali.

A bakin ƙofa uwar ta kwance bakin zaninta ta ciro allura da ƙullin zare ta danƙa wa 'yarta. "Ki yi a hankali. Ɗinkin gaggawa ba ya ƙarko." Ta gode wa Malama har sau biyu, ta tafi da sauri, ta bar rigar mutane a kan keke.

Da yamma ɗakin karatu ya cika. Waɗanda aka kama sun zo, har da wasu da ba a kama ba, waɗanda suka rantse an kama su. Aka ture bokitin tarar yoyo gefe, aka juye kwalin a kan dogon teburi. 'Yar Tela ta zauna da allurarta, ba ta ko kallon Malama.

"Kin ce littafin banza ne," ta ce daga ƙarshe. "A gabansu."

"Na faɗa a gabanki ma. Ɗauki ɗaya ki karanta mana layin ƙarshe."

Yarinyar ta zaro wani gida, ta juya bayansa, ta karanta inda Mai Haƙora ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa budurwar in ta fita kada ta dawo.

"Wa ta san abin da ya biyo baya?"

Hannuwa suka tashi. Wata ta ce kashi na biyu ne, wata ta ce ƙarya ne, na huɗu ne, bayan ta ƙi ɗan mai burodi. Wata ta ce da ita ce da ta fita ɗin, ya ci ƙofarsa. Yarinyar nan mai shiru ta tono wani gida daga ƙasan tulin ta fara karantawa da ƙarfi don a ji ko ya dace. Bai dace ba, amma ba wadda ta ce ta tsaya.

Malamin Horo ya zo wucewa, ya leƙo ta taga. Ya ga kawuna sunkuye a kan takardu, ya ga Malama tsaye ta harɗe hannu ba ta dariya. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Da aka samu gida biyu da suka bi juna, 'Yar Tela ta haɗa bakinsu, ta lashi zare ta zura a allura. Sai ta tsaya.

"Malama, in mun gama fa?"

"Sito. Kin ji da kunnenki."

Yarinyar ta dubi tulin da ke kan teburi, ta dubi ƙawayenta da suka koma gardama kan ko kishi so ne. Ta soka allurar, ta ja zaren a hankali, ta duba ɗinkin ta ɓata fuska.

"Bai miƙe ba," in ji ta.

Malama ta leƙa. Ɗinkin a miƙe yake kamar an ja da rula.

"To warware," ta ce. "Ki sake."