Jan Zare a Hatimin Ta'aziyya

Gwaggo ba ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma duk layin, mai zuwa barka ko duba mara lafiya ko gaisuwar rashi, katinta yake nema. Hatiman roba ne da ita cike da tsohon gwangwanin biskit: tsuntsu, fure, tauraro, tafin ƙafar jariri. Waɗannan da ido take gane su. Masu rubutu ne ta ɗaure wa zare a mariƙi, ja na barka da haihuwa, baƙi na ta'aziyya.

Da 'yar Tela ta haifi bakwaini aka sa shi a kwalba, Gwaggo ta zaɓi kwalinta mafi kauri, domin ita da Tela aminai ne tun suna 'yan mata. Ta buga tafin jariri da shuɗiyar tawada, ta danna mai jan zare a ƙasa, ta kai asibiti ta ba ma'aikaciyar jinya.

Washegari Tela ta zo ta wurga mata katin a ƙafa, a gaban maƙwabta.

"Jikana yana numfashi, ke har kin yi mana ta'aziyya? Yarinya ta karanta ta yanke jiki ta faɗi, ta zaci ya mutu muka ɓoye mata. Kada ki ƙara taka min ƙofa."

Gwaggo ta shiga ɗaki ta zazzage gwangwanin a kan tabarma. Sai a lokacin ta lura: zaren duk sabo ne fil, ga ƙulli irin na ado. Ita kuwa ƙullinta na ɗaurin buhu ne.

"Auta! Kira min matarka!"

Ɗan nata ya leƙo da buroshi a baki. Matar ta biyo bayansa tana goge hannu da zani, ga tsohon ciki ya turo gaba.

"Wa ya taɓa min hatimi?"

"Gwaggo, gani na yi zaren ya yi dauɗa, duk ya rine da tawada, ba a ma gane ja da baƙi. Shi ne na canza miki."

"Ke ce ba kya ganewa! Da kika tsinke, kin duba wanda kika mayar wa wanne?"

Matar ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

"Ke da kika yi makaranta har da hoto a bango, layi ɗaya ya gagare ki karantawa? Ɗauko mayafinki. Asibiti za mu, ki faɗa wa Tela da bakinki."

Auta ya tare ƙofa. "Haba Gwaggo, dubi halin da take ciki. Ni zan je in ba da haƙuri."

"Kai ka ɗaura zaren?"

"A'a, amma..."

"To matsa, kafin in manta ni na haife ka. Haƙuri na aika nema? Sunana aka ɓata. An ce na yi wa jariri baki. Idan yaron nan ya tafi yau, har in mutu ni za a riƙa nunawa da leɓe."

Suka kama hanya. Gwaggo na gaba, katin da hatimin ƙulle a gefen zaninta, surukar na baya tana jan silifas. Duk motar asibiti da ta wuce sai Gwaggo ta bi ta da kallo.

Barandar ɗakin jarirai na warin maganin goge ƙasa. Ta gilashi ana hango kwalaben a jere, wata na'ura na ƙara ƙit, ƙit. Tela na zaune kan benci ita kaɗai, idonta ya kumbura. Da ta gan su sai ta miƙe.

"Ban ce kada..."

"Ƙofarki kika ce. Wannan ta asibiti ce." Gwaggo ta jawo surukar ta tsayar a gabanta. "Yi magana."

Matar Auta ta buɗe baki za ta yi magana. Ta kalli gilashin, ta dafe cikinta, ta kasa.

"Yi magana, ko mu kwana a nan!"

"Mama, ni ce," ta ce da ƙyar. "Ni na canza zaren. Ban duba ba. Gwaggo ba ta sani ba, wallahi."

Gwaggo ta kwance hatimin ta danƙa wa Tela. Tela ta juya shi ta dubi robar, ta ja zaren da farce. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ita ta ɗaura," in ji ta, "amma ke kika buga. Ba ki da wanda zai karanta miki kafin ki kawo?"

"Tun da na fara sana'ar nan wa ya taɓa karanta min?"

"Shi ya sa. Taurin kai kamar ƙusa."

"Na ji. Yaron fa?"

"Ya karɓi nono ta roba ɗazu. Kaɗan."

Tela ta koma ta zauna. Can sai ta ɗauke jakarta daga kan bencin ta ajiye a ƙasa, Gwaggo ta matso za ta zauna.

"Ba ke ba," ta ce wa Gwaggo. "Mai ciki tukuna. Ke tsaya, ai kina da ƙarfin faɗa."

Surukar ta zauna, Gwaggo ta gyara tsayuwa a gefen Tela, kafaɗar Tela na gogar jikinta, suka zuba wa gilashin ido.