Mai Ɗaukar Baba

Tun da Yaya ya rasu, ɗaukar Baba ta dawo hannun Auta. Baba ya daɗe ɓarin jikinsa a shanye, kuma kowace safiya sai an ciccibe shi daga gado, a bi da shi ta siririn lungun nan, a zaunar da shi kan kujerar roba a banɗaki, don keken guragu ba ya shiga ƙofar. Yaya, Allah ya ji ƙansa, ƙato ne, yana ɗauke da tsohon yana ba shi labari. Auta kuwa tela ne, abu mafi nauyi da ya taɓa ɗagawa shi ne kan keken ɗinki.

Yayyensa mata suka ce a ɗauko ma'aikaci. Baba ya juya fuska bango ya ce, "Ban kai wannan shekarun don baƙo ya ga tsiraicina ba." Maganar ta mutu a nan.

Sai Auta ya shiga gidan ɗaga ƙarfe da ke bayan shagonsa. Ya ɗaga, ya yi gumi, ya ci ƙwai har ya tsani kaza, amma ƙwanji ya ce bai san zancen ba. Waɗanda suka fara a bayansa riguna suka matse su, kuma don wulaƙanci shi suke kawo wa ya buɗa musu hannun riga. Da gajiya ta ishe shi ya je asibiti. Likita ta duba jininsa ta ce sinadarin maza ne ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya sa tsoka ba ta kamawa. Akwai magani, amma sai an gano dalili tukuna, kuma binciken ba na yau da gobe ba ne. Ta kuma ja masa kunne a kan ƙwayoyin da ake sayarwa a gidajen ƙarfe: suna cin hanta, suna kashe ɗan abin da jiki ke yi da kansa.

Ya ji, ya kuma yarda, har safiyar da gwiwarsa ta sage a bakin banɗaki. Suka zube tare, gwiwar hannun Baba ta daki ƙofa ta fashe. Tsohon ya ƙura wa silin ido. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

A ranar Auta ya karɓi kwalbar ƙwayoyin nan daga hannun Mai Ƙarfe, mai gidan motsa jikin. "Ba sinadarin ba ne kansa," in ji Mai Ƙarfe, "sai ya shiga jiki yake komawa shi. Kafin wata ya ƙare za ka ɗauki tsohon da gadonsa."

Matar Auta ta tsinci kwalbar a aljihunsa, ta tare shi a lungu, dab da ƙofar Baba. "Ka manta abin da likita ta ce? So kake mu koma ɗaukar mutum biyu? Wa zai ɗauke ka?"

"To ya kike so in yi? In sake kayar da shi?"

Ta yi kuka, ya yi alkawarin zai jira zuwa ƙarshen wata. Ya jefa kwalbar cikin akwatin zare, ko murfinta bai buɗe ba.

Abin mamaki, sai ɗaukar ta fara sauƙi. Gwiwa ta daina rawa, numfashi ya daina sarƙewa. Auta ya yi murna kamar yaro. A shago ya naɗa tef a damtsensa, awon yana nan inda yake, amma ya ce ai ƙarfi ne ke fara zuwa, girma ya biyo baya. Har waƙa yake yi a kan keke.

Wata safiya yana sa wa Baba wando, wandon ya zame ya faɗi. Shi ya ɗinka shi, kuma ya san bai daɗe da rage ƙugunsa ba. Ya ɗauko tef ya zagaya ƙugun tsohon, ya duba, ya sake aunawa. Tela ba ya musu da tef. Ƙugun ya ƙara raguwa.

Ya sami matarsa a kicin. Ba ta jira tambaya ba. "Tun ranar da muka yi maganar nan a lungu yake maido da abinci. Cokali kaɗan, ya ce ya ƙoshi. Ya haɗa ni da Allah kada in faɗa maka."

Auta ya zuba abinci a faranti ya koma ɗakin, ya durƙusa a gaban gado. "Baba, me ya sa?"

"Na binne ɗa guda, ya ishe ni," in ji Baba. "Kai jikinka ya ƙi ƙaruwa. Ni kuwa nawa bai ƙi raguwa ba."

Auta ya ɗauko kwalbar, ya juye ta a masai, ya dawo ya nuna masa ita babu komai. Sannan Baba ya buɗe baki. Ya haɗiye loma ɗaya, ya yi ƙoƙarin ta biyu, ta dawo. Cikin ya riga ya saba da babu. Likitar da ta zo duba shi ta rubuta magunguna, ta ce a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, amma ba ta yarda sun haɗa ido da Auta ba.

Washegari ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗun Baba da gwiwoyinsa, ya ɗaga. Kamar ƙunshin yadi. Ya bi lungun da shi ba tare da ko nishi ba, hawaye na zuba a kan rigar tsohon.

"Ka gani," in ji Baba a hankali, "yanzu ka iya."