Kindirmo a Kan Kaza

"A tsaya!"

Ba Eliyezer ne ya faɗa ba, ko da yake shi ne mai ba da umarni. Mahaifiyarsa ce, Shoshana, wadda ta ce minti biyar kawai za ta yi a wurin ɗaukar fim ɗin, ga ta nan har yamma.

Fim ɗinsa na farko ne, a kan wata uwa Bayahudiya a Mumbai da ɗanta. Fitowa ɗaya ta rage, ga shi Juma'a ce, rana na faɗuwa Asabar ta shiga, ranar hutun Yahudawa, babu sauran aiki. Ran Lahadi kuma Kalpana, wadda ke fitowa a matsayin uwar, za ta wuce birnin Pune yin wani fim.

"Mama, don Allah mana."

"Don Allah me? Kindirmo ta zuba a kan kaza! Nama da nono a kwano ɗaya, a gidan Bayahudiya? Da wane ido zan kalli mutane a wurin ibada? Madarar kwakwa muke sawa, 'yar nan."

Kalpana ta ajiye ludayi. "Yi haƙuri, Anti, abin da aka miƙo mini ke nan."

"Ba laifinki ba ne. Shekara talatin ɗana yana cin girkina, bai taɓa leƙa tukunya ba."

Aka nemo kwakwa, Shoshana ta goge ta da hannunta, aka sake kunna kyamara.

"A tsaya! Haka ake zuba wa ɗa abinci, kamar ɗan fursuna? Ƙara masa. In ya ce ya ƙoshi, ki tambaye shi ko so yake baƙin ciki ya kashe ki."

Eliyezer ya dubi taga, rana ta yi ja. Ya sauke numfashi, ya tashi daga kujerarsa.

"Zauna nan, Mama. Nuna mata."

Cikin minti ashirin aka gama. Kalpana ta kwaikwayi komai, daga harara da dafe ƙirji har cusa loma. Mai kyamara ya yi dariya har da hawaye.

A hanyar gida Eliyezer ya kunna wa mahaifiyarsa abin da aka ɗauka. Ta kalla, ta taɓe baki.

"Ta iya wasa, amma an sa gishiri. Wace uwa ce za ta takura wa ɗanta haka?" Ta ɓare ayaba. "Buɗe baki. Dubi wuyanka."