Aron Kunne a Hawan Eggon

Ari bakanike ne a unguwar Bukan Sidi, kuma duk Lafia da kunne aka san shi. Mota na shigowa garejinsa, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta. To amma shekaru sun ja, rugugin injuna ya ci abin da zai ci. Murya mai kauri yana jin ta sarai. Siririyar ƙara kuwa, irin kukan gyare ko cokali a cikin kofi, ta daina iso masa. Bai gaya wa kowa ba.

Ana tsakiyar zafin bazarar 2004, sai ga Aondoaver, dillalin doya, abokinsa tun suna samari, ya kawo wata Volvo mai tobo da ya sayo ta hannu.

"Oga Ari, wannan mota yana da ƙarfi kamar bijimi," in ji Aondoaver da 'yar Hausarsa. "Amma in ya kama hawa da rana, sai ya fara ƙer-ƙer-ƙer a ciki. Ni dai tsoro nake ji."

Ari ya gane matsalar. Tobo na cusa wa inji iska da ƙarfi, iskar ta yi zafi, ga rana, ga man bumburutu, sai fetur ya kama wuta tun lokacinsa bai yi ba. In aka bar shi haka, wata rana fistin zai huje. Ya ce maganin shi ne a riƙa fesa ruwa a cikin iskar, siriri kamar raɓa, a gauraye da wani sifirit da ake kira metanol, rabi da rabi, don ta huce.

"Ruwa a cikin inji? Kai Ari, ka fara shan burkutu ne?"

"Allah ya kiyaye. Kai dai ka ɓoye sifirit ɗin nan kada yaran lodinka su ɗauka ogogoro ne. Guba ne, makantarwa yake yi."

Ya haɗa abin da hannunsa: 'yar jarka, famfon wanke gilashi, siririn tiyo, da wani ɗan sukuru na ƙara feshi ko rage shi. Haɗawa ba wuya. Wuyar tana wajen saiti, don da kunne ake yin sa. In feshi ya yi kaɗan, ƙarar na nan tana cin inji. In ya yi yawa, mota ta shaƙe.

Ya ɗauki motar shi kaɗai ya nufi hanyar Akwanga, inda titi ke hawa duwatsun Eggon. Ya taka ta sosai. Bai ji komai ba. Ya kashe famfon ya sake takawa, inda dole ƙarar ta fito, nan ma bai ji komai ba. Sai ya gangara gefen titi ya zauna riƙe da sitiyari. In ya miƙa motar a haka, zai iya kashe wa abokinsa inji. In ya nemi wani bakanike ya saurara masa, kafin la'asar labari ya zaga gari cewa kunnen Ari ya mutu.

Da ya koma gida, matarsa Asama'u ta ajiye masa tuwo, ya yi loma biyu ya ture.

"Baban Zahra, kunnen ne ko?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Tun bara na sani," ta ce, tana gyara murfin kwanon miya. "Butar shayi tana ta fito, kana zaune kusa da ita kana kallon bango. In kunne kake nema, ga nawa. Ba abin da nake yi da shi sai jin gulmar maƙwabta."

"Ke da ko kaburato ba ki sani ba?"

"Na san tsakuwa a cikin shinkafa tun daga ƙararta a faranti. Kai dai nuna min."

Washegari da rana ta take, ta yafa gyalenta ta shiga gaban mota, tana ta tattare zani kada baƙin mai ya taɓa shi. Kafin su tashi Ari ya zuba 'yan tsakuwoyi a gwangwanin madara ya girgiza mata, ya ce irin wannan za ta nema, can ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin rurin injin. Da yake iska da inji za su danne muryarta, suka shirya ta ɗora hannu a gwiwarsa, duk lokacin da ta ji ƙarar ta ƙwanƙwasa da yatsa.

A hawan farko ya bar famfon a kashe don ta san abin da take nema. Yana takawa, yatsarta ta shiga bugun gwiwarsa da sauri.

"Wayyo, ga ta nan! Kamar ana soya gyada da yashi!"

Ya kunna famfon, suka juyo suka sake hawa. Bugun ya ragu, amma bai tsaya ba. Ya saci kallonta, ta girgiza kai. Ya tsaya, ya buɗe bonet, ya murza sukurun da yawa saboda haushi. Wannan karon motar ta yi tari, ta shaƙe a tsakiyar hawa, har wata tsohuwar tifa ta wuce su, yaron motar yana ɗaga musu hannu.

"Ka ba ta ruwa kamar ka shayar da raƙumi," in ji Asama'u. "Yi a hankali mana, kamar gishiri a miya."

Ya yi dariya, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya rage kaɗan, ya goge hannu, suka koma gindin dutsen.

Ya sa giya, ya taka. Tobo ya ɗauka, motar ta miƙe kamar an tura ta daga baya. Duk hankalinsa na kan gwiwarsa. Suka sha kwanar farko, suka sha ta biyu, inda hawan ya fi tsanani. Hannunta na nan kwance, da ɗuminsa, bai motsa ba har suka kai sama.

Ya tsaya a gindin wani mangwaro ya kashe motar.

"Maman Zahra, tsakaninki da Allah. Babu, ko tausayina kika ji?"

"Da tausayin ƙarya nake maka, ai da tun ɗazu na bar ka mun koma gida, ga girki na jirana. Babu ita. Ko ɗis."

Ya dubi hannunta da ke kan gwiwarsa. Sannan ya ɗora hannunsa mai baƙin mai a kan nata, ita kuwa ba ta janye ba.

"Akwai wata Fijo da za a kawo ran Asabar," ya ce a hankali.

"To sai ka wanke kujerar," ta ce. "Wannan ta ɓata min zani."